Kwalin da Alhazan Zamfara Suka Bari

Talata, 5 ga Nuwamba 2013, bayan La'asar

Yau ban je wurin aikina a unguwar Aziziyya ta nan Makka ba. Mai benen da nake kula da shi ya bugo da sassafe ya ce in zauna a gida tukuna, kada in kusanci wurin. Shekara ashirin da biyu ina yi wa alhazai tafinta a wannan bene, ina raba musu ɗakuna, amma sana'ar da aka rubuta a igamata, wato takardar izinin zamana, daban ce, kuma tun jiya da aka fara kamen baƙi abin da aka rubuta shi ake dubawa.

Ɗana Ameer bai kwana a gida ba. Matata Shatu ta ajiye masa abincinsa a rufe a kan tebur. Ban ce ta ɗauke ba.

Wannan littafin rubutu na 'yata Shifa ne, cikin tsofaffin kayanta na makaranta na same shi. Rabon da in yi dogon rubutu da boko tun wasiƙun da nake aika wa mahaifina a Ƙauran Namoda, Allah Ya jiƙansa. Sunansa yaron ya ci, Umaru, shi ya sa muke kiransa Ameer. Hannuna sai so yake ya fara daga dama.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ba a kira ba. Wayarsa a kashe.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da hantsi

Maƙwabcinmu Malam Ja'afaru, wanda takardunsa suke daidai, ya je har shagon da Ameer ke gyaran waya. A kulle ya tarar da shi, haka ma na kusa da shi. Ya ce mai sayar da shayi ya ga motar 'yan sanda ran Litinin. Ya fara ba ni sauran bayanin, na ce masa ya isa.

Unguwarmu ta Zahir ta yi tsit kamar ba ita ba. Mai gasa burodin tamis na bakin layi bai buɗe ba, yau kwana huɗu. Shatu tana ajiye mini abinci ta juya. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Don in sami abin da zan riƙe a hannu, na jawo kwalin nan daga bayan ƙofa. Kwana goma ke nan da na kawo shi, ranar da alhazan Zamfara na ƙarshe suka tashi. Duk shekara haka ake yi: an sayi dabino da darduma da agogo, sikeli ya ƙi, sai a zubar da abin da aka zo da shi daga gida. Na taɓa tsintar ƙaramin turmi, na taɓa tsintar haƙoran roba. Wannan karon littattafai ne, guda tara, a ƙarƙashin gado a ɗaki na goma sha huɗu. Na ɗauka na addu'o'i ne.

Ashe na labari ne. Takardarsu irin ta jarida, zanen bangonsu na hannu, babu sunan kamfani ko ɗaya. Na kusa mayar da su, don ni a sanina irin waɗannan na soyayya ne, na 'yan mata. Sai na ga bangon wani: tsoho da rawani da galma a kafaɗa, tsaye a kan ƙanƙara, a bayansa wani ƙaton tauraro mai zobe. Sunansa Mahaƙan Zuhalu, na wani Abdulwadud Yunus. A shafin farko ya rubuta: “Ni na rubuta, ni na buga a na'ura, ni na kai maɗaba'a. Duk kuskuren da ka gani nawa ne. In ka karanta ka kira ni, ko da zagi ne.” Sai lambar waya.

Na ce bari in duba shafi biyu in ga iyakar shirmen.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan saukowa daga masallaci

A masallacin unguwa na yi Juma'a. Na dawo ta bayan layi.

Na gama littafi na ɗaya. Labarin shekara ɗari uku nan gaba ne. Rijiyoyin ƙasar Hausa sun ƙafe, an kwashi mahaƙa rijiya arba'in a jirgin sama jannati zuwa wani wata na Zuhalu, su saro ƙanƙara a kawo wa mutane. Shugabansu wani tsoho ne, Ɗan Asabe, wanda ya ƙi barin galmarsa a gida duk da injunan da aka ba su.

Kuskure kam akwai shi. Daga shafi na 33 zuwa na 48 a kife aka ɗinke su, sai da na juya littafin. A wani wuri an kashe mutum, bayan shafi ashirin ya dawo yana raba goro. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na tuna da Ameer.

Amma akwai wurin da ya tsayar da ni. Sun sauka, lokacin salla ya yi, gardama ta kaure a kan alƙibla. Duniya gaba ɗaya ta zama ɗigo kamar ƙwayar gero, wani lokaci a gan ta, wani lokaci zoben ya rufe ta. Ɗan Asabe ya ce ranar da aka ga ɗigon a fuskance shi, ranar da ba a gan shi ba kowa ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai da na tashi na sauko da littafina na fiƙihu, wanda na yi shekara huɗu a kansa a jami'a. Yaron nan bai kauce ba.

Na daɗe zaune. Daga nan zuwa Harami minti goma sha biyar ne a mota, ga shi na kasa zuwa. Su kuma suna can suna leƙen ƙwayar gero.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, da safe

Ba a kira ba. Shatu ta wanke rigunansa duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan La'asar

Mako ɗaya.

Shifa ta same ni a falo da littafi na biyu. Ta ce, “Baba, ish hada?” Wato mene ne wannan. Shekararta goma sha tara, a nan aka haife ta, Hausarta ta kicin ce, da Larabci take mafarki. Na miƙa mata na ce ta karanta mini, idona ya gaji.

Ta fara a hankali kamar mai tafiya a kan ƙaya. Duk ƙ sai ta mayar da ita k. “Suka zura guga...” Ta tsaya. “Baba, mene ne guga?”

Na buɗe baki zan amsa, sai muka ji murya daga ƙofar kicin. Ashe Shatu tana tsaye da wuƙa da albasa a hannu.

“Guga ba ki sani ba? Subhanallahi. Abin ɗibar ruwa na, da fata aka yin shi ko roba, a ɗaura mai igiya. Ni da nike kamar ke sai in ja talatin kahin rana ta hito. Duba hannuna.”

Ta nuna mata tafin hannunta, duk da shekara ashirin da bakwai na ruwan famfo sun goge komai. Ta ba ta labarin rijiyar gidansu mai gaba goma sha biyu, da ranar da ɗankwalinta ya faɗa ciki, da tsohon da ake kira da ƙugiya in guga ya tsinke. Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun ran Litinin waccan. Ba da ni ta yi ba, amma a gabana ta yi.

Ta ce wa Shifa, “Ci gaba mana. Sun samu ruwan ko ba su samu ba?”

Albasar ba ta shiga tukunya ba sai da aka kira Magariba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Tun da na fara littafin nan Rabe nake tunawa.

Gidansu yana kallon namu a Ƙaura, bayan tashar jirgin ƙasa. A garinmu dogo ya ƙare. Jirgi yakan taso daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau, in ya zo wurinmu sai ya tsaya, don babu gaba. Akwai wani ƙarfe da aka gicciya a ƙarshen layin, a kansa muke zama ni da Rabe bayan an tashi daga makaranta, muna cin gyaɗar da ta zube daga buhuna.

Ni abin da nake gani a bayan ƙarfen nan ciyawa ce da awaki. Rabe kuwa cewa yake layin bai ƙare ba, Turawa ne suka binne sauran. Wai ya nutse ƙarƙashin ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin gulbin Gagare, ya ɓulla a bayan hamada, daga nan ya miƙe sama. Ya san sunan kowace tasha. Akwai tashar da mutanenta ke noma a jikin gajimare, akwai wadda ake sayen barci a mudu. Kullum sai ya ƙara tasha ɗaya. In na ce ƙarya ne, sai ya ce, “To kai hwaɗi abin da ke can.”

A takardar buhun siminti yake zana taswirar, da gawayi. Ya taɓa haɗa rediyo da waya da reza da wani dutse, muka ji muryar mutum a ciki ƙasa-ƙasa, na ruga da gudu har na bar takalmina.

Ina jin ƙamshin wurin har yanzu: baƙin mai, da gyaɗa, da ƙosan Inna Kulu da take soyawa a bakin tasha ranar da jirgi zai zo. Shekara talatin ina Makka, ban taɓa zama na tuna ƙamshin nan ba sai da wani yaro da ban sani ba ya ɗora tsoho a kan ƙanƙara.

Ba a kira ba.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan La'asar

Littafi na biyu ya ƙare a mummunan wuri. Igiya ta tsinke da jikar Ɗan Asabe a cikin rami mai gaba dubu, sai kawai aka rubuta a nemi na uku. Na zazzage kwalin. Babu na uku.

Mun koma kan wani, Maƙeriyar Kwatarkwashi, na wata Khadijat Hussaini. Wata mace ce da aljanun dutse suka koya wa ƙira, take ƙera mabuɗan da ke buɗe garuruwan da suka ɓace. Hausarta ta fi ta Abdulwadud daɗi, karin magana kamar tsohuwa. Shatu ta fi son wannan. Shifa ta gano a wayarta cewa suna da yawa, masu irin wannan rubutu, suna da zaure a Facebook inda suke saka babi-babi, suna gyara wa juna. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, har da wani mai ɗinki. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya ba su izini. Ta ce, “Wallahi Baba, marra hilu.” Wai sun burge ta ƙwarai.

Ni dai hankalina yana cikin ramin.

Litinin, 18 ga Nuwamba, bayan Azahar

Na kira lambar.

Na yi sallama na ce daga Makka nake, ina neman mai Mahaƙan Zuhalu. Ya ce, “Don Allah wane ne? Musa, in kai ne ka bari, ina aji.” Sai da na rantse masa. Na ji yana ce wa ɗalibai su yi shiru, na ji ƙarar ƙofa.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gusau. Shekararsa ashirin da tara. Ya ce kawunsa ne ya zo hajji bana, shi ya cusa masa littattafan a kaya, nasa da na abokansa, ya ce ya raba wa Hausawan Makka. Ban gaya masa a ƙarƙashin gado na same su ba.

Na ce, “Malam Abdulwadud, yarinyar nan ta fito daga ramin ko ba ta fito ba?”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Allah gafarta Malam, shekara biyu ke nan tana ciki. Na rubuta rabin na uku na ajiye. Kai ne mutum na huɗu da ya taɓa kirana, kuma biyu daga ciki kuskuren lamba ne.”

Na gaya masa maganar alƙibla, da cewa na duba littafi na ga bai kauce ba. Na gaya masa mutumin da ya mutu ya dawo yana raba goro. Ya ce innalillahi, shekara uku ba wanda ya lura. Na ce masa akwai mace a gidana da ta bar albasa a hannu saboda shi.

Da ya sake magana muryarsa ta canza. Ya tambaye ni mutumin ina ne. Na ce Ƙaura. Ya ce ai nan da nan ne, yakan je kasuwa can.

Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce in ya je, ya tambaya a bayan tasha ko akwai wanda ya san wani Rabe na gidan Sarkin Fawa, mai haɗa rediyo. Ko yana raye.

Talata, 19 ga Nuwamba, da safe

Ba a kira ba. Na shiga ɗakinsa na zauna a bakin gado. Ban taɓa komai ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, bayan La'asar

A 1986 na koma gida hutu, na auri Shatu. Shekarata uku a jami'a a lokacin, ina sanye da farar jallabiya, ana ce mini Ustazu. Mutane sun cika zauren mahaifina suna gaishe ni. Rabe ya shigo da littattafan rubutu guda biyar a ɗaure da tsumma. Ya ce, “Muntari, na rubuta shi duka. Tasha sittin da ɗaya. Kai nika jira ka hwara karantawa.”

Na buɗe na farko, na duba layi biyu. A gaban mutanen nan na ce masa wannan aikin banza ne, ƙarya ce aka jera, ya kamata mutum ya san ya girma. Har da jawo masa Larabci. Mutane suka gyaɗa kai.

Ya yi murmushi, ya ɗaure littattafansa, ya ce, “Gaskiya ne, Ustazu.” Ya zo ɗaurin aure, bai zo rakiya tasha ba. Da na koma a 1994 rasuwar mahaifina, ban neme shi ba.

Tunda na rubuta wannan, bari in rubuta ɗayar.

Ran Litinin ɗin nan, Ameer ya ce ba zai fita ba. Ya ce abokansa duk sun ce a zauna a gida, wa'adin gyara takardu ya cika jiya, takardarsa ba ta fito ba. Yana zaune a nan, a kujerar da nake kai yanzu, da kofin shayi. Uwarsa ta ce ya zauna. Ni na ce masa namiji ba ya zaman ɗaki kamar mai jego. Na ce shekara talatin ina garin nan ba wanda ya taɓa tare ni.

Ya ajiye kofin bai shanye ba. Ya ce, “Tayyib, Baba,” wato ya ji.

Shatu tana tsaye ta ji komai.

Asabar, 23 ga Nuwamba, bayan Magariba

Abdulwadud ya kira. Ya je Ƙaura yau a kan babur.

Rabe yana raye. Yana da rumfa a bakin tsohuwar tasha, yana gyaran rediyo da fitila. Ya ce da ya ambaci sunana, tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Lahiya dai yake?” Ya karɓi lambata ya sa a aljihu. Bai ce zai kira ba.

Abdulwadud ya ce sun yi hira har La'asar. “Baba, mutumin nan taska ne. Ya ba ni labarin wani jirgin ƙasa, wallahi ban taɓa jin irinsa ba. Na ce ya ba ni rubutun, ya ce babu rubutu.”

Ban tambayi inda rubutun ya tafi ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, da hantsi

Malam Ja'afaru ya shigo bai ko zauna ba. Wani ɗan garinsu da ke kai abinci wurin da ake tsare waɗanda aka kama ya ga Ameer da idonsa. Lafiyarsa ƙalau, ya rame kaɗan. An ɗauki hoton yatsunsa. Sunansa yana cikin waɗanda za a sa a jirgin Kano, ba a san ranar ba.

Shatu ta yi sujada a nan tsakar falo. Da ta ɗago ta tambayi Malam Ja'afaru, ba ni ba: “In ya sauka, wurin wa za shi?”

Rabonsa da Najeriya tun yana ɗan shekara biyar da aka kai shi, sau ɗaya. Iyayena sun rasu, an sayar da gidan. Na Shatu ma haka. Na zauna ina lissafa waɗanda na sani a can da har zan iya bugawa in ce ga ɗana. Shekara ashirin da biyu ina karɓar alhazai, dubbai sun ce in na zo gida in neme su. Ban riƙe lambar ko ɗaya ba.

Bayan Azahar na kira Abdulwadud na gaya masa komai. Shi ne mutum na farko da na gaya wa da bakina. Ya ce, “Baba, ka ba shi lambata. Daga Gusau zuwa Kano ba nisa ba ne.”

Asabar, 30 ga Nuwamba, da yamma

Mun gama Maƙeriyar Kwatarkwashi. Shifa ba ta ƙara tambayar ma'anar kalma ba sai sau biyu.

Litinin, 2 ga Disamba, bayan Azahar

Ameer ya kira. Wayar Shifa ya kira, da wayar wani, daga filin jirgin Kano. Minti ɗaya. Da Larabci suka yi magana, tana kuka tana karanta masa lambar Abdulwadud. Ya ce ta gaida Ummi. Ta ce ya ce a gaida kowa.

Na san ita ta ƙara wannan.

Talata, 3 ga Disamba, bayan La'asar

Abdulwadud ya same shi a masallacin da ke kusa da filin jirgin, da riga ɗaya da leda a hannu. Suna mota yanzu. Ya ce zai sauke shi a ɗakinsa a Gusau, amma da ya buga waya ya gaya wa Rabe, tsohon ya ce ba a yi haka ba, ɗan Ƙaura a Ƙaura yake sauka.

Alhamis, 5 ga Disamba, bayan Azahar

Baƙuwar lamba ta shigo ina alwala. Na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.

“Muntari?”

Ba wanda ya kira ni haka tun rasuwar mahaifiyata. Na zauna a bakin baho.

“Rabe.”

“Muryarka ta tsuhwa. To, ɗanka ya iso. Ya ci tuwo malmala biyu, ya yi kwana kamar gawa. Hausa tai kamar ta Balaraben kanti, yara na ta bin shi suna dariya, shi ma yana yi. Na ba shi gehen tebur ga rumhwata, tun jiya ya gyara waya ukku. Wanga malami kuma ya hana ni sakat, ya aje mini rikoda wai sai na hwaɗi tashoshin nan duka. Ya ce shi ma ya koma ga nashi, wai akwai wata yarinya da zai hiddo daga rami.”

Na ce, “Rabe, maganar da na yi maka a zaure...”

Ina jin kukan awaki da wata rediyo a bayansa.

“Ta yi min zahi, Muntari. Ran nan na sa su wuta, duka biyar. Na daɗe ban iya jin sunanka.” Ya ja numfashi. “Amma yanzu mun yi kusa da rami, ni da kai. In Allah Ya kawo ka mu yi ta. Ga ɗanka.”

Na ji wayar ta canza hannu.

“Baba.”

“Ameer. Ran Litinin ɗin nan...”

“Khalas, Baba.”

“Ba khalas ba ne, bai wuce ba. Kai ka yi gaskiya, ni na tura ka. Ka yafe mini.”

Ina jin numfashinsa. Sannan ya ce da Hausa, a hankali, kamar yana zaɓen kalmomin ɗaya bayan ɗaya, “Na yafe, Baba. Ba ni Ummi.”

Shatu tana bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ta karɓi wayar ta shige kicin ta rufe. Ni da Shifa muka zauna a falo. Muna jin muryarta ta cikin ƙofa, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta yi dariya, ta sake kuka.

Da ta fito idonta jajir. Ta zo har gabana ta miƙa mini wayar, ta dube ni a fuska.

“Malam, ya ce takalminsa ya tsinke. Lamba arba'in da ukku. Matar Malam Ja'afaru na da mai tahiya Kano ran Asabar. Tashi mu tai kasuwa kahin a ruhe don La'asar.”

Na ce mata wata ɗaya ke nan ban wuce bakin layi ba.

Ta ce, “Na sani. Ɗauko hularka.”